Hoton da Babu a Cikin Jaka

Ɗana na fari ya kai shekara biyar bai ce uffan ba, ni kuwa a lokacin yabo nake sha. Duk layinmu a Bagudo an shaide ni a kan kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ɗora shi a cinya a gaban surukai ba. In ya faɗi a cikin mutane sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga shi, fuskata sai ka ce ɗan maƙwabta ne ya faɗi. Mata suna cewa, "Kun ga Malama, ta yi boko amma ba ta zubar da tarbiyya ba." Ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi. Wato a gida ɗaya, yaro ba ya iya kiran uwarsa, uwar kuma ba ta yarda ta kira shi, amma a cikinmu shi kaɗai ake cewa yana da lalura.

Masana ba su yi mana ƙaranci ba. Mai ƙosan bakin layi ta ce harshensa ne a ɗaure. Wata gwaggon maigidana ta ce na fita da tsakar rana ina da cikinsa, shi ya sa. Wani dattijo ya ce a ba shi ruwan da aku ya sha ya rage, aka yi tattaki har Kende inda wani ɗan kasuwa ke kiwon aku, aka zo da ruwan a gora. Yaro ya sha bai yi magana ba. Daga baya labari ya iso mana cewa akun ne ya yi kwana uku shiru.

Shi dai yaron yana nan yadda yake. Ba ya kallon idon mutum. Zai jera murafan kwalba tun daga bakin ɗaki har gindin randa, in ka taɓa ɗaya kuwa ka taɓo wa kanka. In yana son abu sai ya kwanta ya yi ta ihu yana buga ƙeya da ƙasa, mu kuma mu yi ta kawo masa kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, ko za mu dace. Wata rana mun yi kusan awa guda a haka, ashe ƙaya ce a tafin ƙafarsa. Ran nan na tsani kaina, kuma na tsani duk mai cewa in yi haƙuri.

A Birnin Kebbi wata likita ta ba abin suna. Ta ce otizim ne, haɗe da jinkirin fahimta. Ba ta ce zai yi magana ba, ba ta ce ba zai yi ba. Ta tura ni wurin wata malama mai koyar da irin waɗannan yara, malamar kuma ta ba ni katuna masu hoto a cikin leda. Ta ce ƙa'idar ɗaya ce. Yaro ya ɗauki hoton abin da yake so, ya kai wa wanda abin yake hannunsa. Shi kuma ya karɓa, ya faɗi sunan abin da ƙarfi, ya ba shi nan take. Babu jira in gama, babu sai gobe. Ta ce in aka saɓa masa sau biyu, an koya masa ke nan cewa hoto ma ƙarya yake yi.

Katunan an bugo su ne a wata ƙasa inda ga dukkan alamu yara ba su da buƙatar da ta wuce tuffa, da bahon wanka mai kumfa, da kare mai barci a kan gado. Maƙwabciyata da ta ga karen ta yi a'uziyya, ta ce ashe maganin ma da nasa ciwon ya zo. Ɗana ya shinshina hoton tuffar, ya tauna gefensa, ya jefar. Ban ga laifinsa ba, ni ma da nake uwarsa sau biyu na taɓa cin tuffa.

Sai na ɗauki wayata na bi gidan da ita. Na ɗauki hoton ƙuli-ƙuli, da randa, da buta, da tabarmarsa, da mashin ɗin babansa, da kofin kokonsa shuɗi, wanda in ka zuba masa a wani ba zai sha ba ko da madara ce. Na kai wa mai hoton da ke kusa da tasha ya wanke, ya liƙe kowanne a cikin leda mai tauri. Ya ce shekararsa goma sha yana wannan sana'a, ya yi amare, ya yi maniyyata, amma bai taɓa yi wa buta hoto ba. Na ce ai ita ma ta daɗe tana yi wa jama'a hidima. Na ɗinka wata 'yar jaka ta atamfa mai igiya, aka zuba katunan, aka rataya wa yaron.

Koyarwar sai da mutum biyu. Ni in zauna a gabansa da ƙuli a hannu ɗaya, ɗaya hannun a buɗe. Maigidana ya zauna a bayansa, ya kama hannunsa ya ɗora kan katin, ya miƙo mini. In ce "Ƙuli," in ba shi. A sake. Maigidan nawa mai fataucin shinkafa ne, mutum ne mai kirki wanda ra'ayinsa kullum shi ne na wanda ya yi masa magana a ƙarshe, don haka nakan tabbatar ni ce ta ƙarshe kafin ya hau mashin. Mun cinye ƙulin da zai ishi walima. Sati uku ba abin da ya canza sai cikin yaron.

Wata Asabar da hantsi ina durƙushe ina wanki, sai na ji an tura mini abu a jiƙaƙƙen hannuna. Hoton randa ne. Ba wanda ya kama hannunsa, ba wanda ya tura shi. Na ce "Ruwa," na ɗebo na ba shi, ya shanye ya koma kan murafansa. Ni kuma na zagaya bayan ɗaki na yi kuka, don kada a ga ina yi wa ɗan fari kukan daɗi. Duk gidan babu kowa sai akuya.

Daga nan jaka ta fara nauyi. Ihu ya ragu, ƙeyarsa ta huta. Malamar ta ce in ƙara da hotunan mutane, don ya iya neman wanda yake so. Na ɗauki babansa, na ɗauki ƙanwarsa, na ɗauki kakarsa a wani zuwa da ta yi, har akuyar na ɗauka don yana son ya zauna kusa da ita. Da na kai wa mai hoto ya jera su ya ƙirga, ya ce, "Malama, ba naki ciki?"

Na ce, "Ni a wa?"

Har ga Allah haka na ji a raina. A ce uwa ta yi hoton kanta ta rataya wa ɗanta na fari a wuya, yana yawo da shi a layi, mata suna buɗe jakar suna gani? Da wane ido zan kalli surukata? Kuma na ce ai ina gidan kullum, me zai neme ni ya yi. Na yi wa akuya kati, na hana kaina, na dawo gida ina jin na kyauta.

Surukar tawa, wadda kowa ke kira Inna, 'yar Dandawa ce, tana zaune a wani ƙauye da ke gaba da Lolo, cikin ƙasar Benin. Ita iyaka ba ta dame ta ba. Ɗakinta na can, gonar shinkafarta na nan, ta ce masu kaki ne suka san inda layin yake. Ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni a karkace. Tana son yaron, angona take kiransa irin wasan kaka da jika, kuma tun yaye take jiran a ba ta shi kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Zirga-zirgar asibiti ce ta sa aka yi ta ɗagawa.

Da na haifi na uku ta zo ta zauna mana arba'in. Da farko kallon katunan take tana taɓe baki. Kafin sati biyu na kama ta tana karɓar katin ƙuli tana faɗin sunansa da Hausa, ta ƙara da Dandanci don kada a bar nata a baya. Ranar da za ta koma, ta gama ɗaure kayanta, ta zauna a kan turmi ta kira ni.

"Malama, da angona za ni tahi. Hannunki ya cika, ga jinjiri ga makaranta. Ɗan hwari dama ba naki na ba."

Na kalli maigidana. Shi kuma ya gano wani abu mai muhimmanci a jikin tayar mashin ɗinsa. A irin wannan wuri amsa ɗaya ce ke hannun matar da aka shaida da kunya, wato duk yadda kuka gani. Ni dai na ɗan bi ta gefe.

"Inna, ga gulbi kusa da ku, shi ko bai san tsoron ruwa ba."

"A bakin gulbin nan na raini ubanai. Ga shi nan bai nutse ba."

"Kuma ga katunan, sai da wanda ya saba."

"Na saba. To ma, ba kun ce da hoto shika magana ba? A tambaye shi mana."

Ta shimfiɗa tabarma ta jera katunan mutane a gabansa. Da malamar Birnin Kebbi ta ga wannan da ta dafe kai, don ba a yi katin don irin wannan tambaya ba, shi kuma bai san ana yanke masa wurin zama ba. Ya durƙusa ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, babansa, ƙanwarsa, Inna, akuya. Ya cire jakar daga wuyansa ya zazzage sauran, ya bi su da hannu, ya juya wasu. Ya cusa hannu cikin jakar ya laluba kusurwoyinta. Ina tsaye a bakin ɗaki ina kallo, na san sarai abin da yake nema, kuma bakina a rufe. Can ya ɗago, ya ga hannun Inna a buɗe. An koya masa buɗaɗɗen hannu kati yake jira, ita ce kuma ta yi kwana arba'in tana ba shi ƙuli. Ya ɗauki nata ya sa mata.

An yi zaɓe na gaskiya a tsakar gidana, ba a saci ƙuri'a ko ɗaya ba. 'Yar takara ɗaya ce dai ba ta fito a takardar ba, kuma ita ce ta kai takardar wurin bugawa. Inna ta yi guɗa 'yar ƙarama, maigidana ya ce ikon Allah, aka ɗora yaron a tsakaninsu a kan mashin, jakarsa a wuya, kofinsa a cikin kaya. Ban raka su ko zaure ba, don ba a yi. Da yamma maƙwabta suka shigo suna cewa ba su taɓa ganin mai kawaici irina ba. Na gode musu, har ruwa na ba su.

Yaron da bai taɓa magana ba ya tafi, gida ya yi tsit. Nakan share tsakar gida in ga babu murafan da zan kauce wa, sai haushi ya kama ni in rasa wanda zan sauke wa. 'Yan ajina sun sha faɗa a wannan zango, Allah ya yafe mini. Maigidana yakan biya ta can in ya je sayen shinkafa, ya dawo da rahoto iri ɗaya, "Lahiya lau shike, har ƙiba ya yi." In na tambaya ko yana ihu, ya ce kaɗan. In na tambaya ko yana barci, ya ce sosai. Da a ce na tambaye shi ko yaron ya fara wa'azi, ina jin cewa zai yi ana sa rai.

A sati na shida na kira malamar, wai in tambaye ta yadda ake ƙara katuna daga nesa. Ta saurari labarin duka, sannan ta ce, "Wane kati yake ɗauka in yana son ki?"

Na ce babu nawa a jakar.

"Ɗan fari ne?"

Na ce e.

Ta ce, "To ita kunyar taki, shi ya san da ita?"

Na kashe wayar ina cewa a raina mutanen birni ba su da ta ido. Na yi kwana biyu ina jin haushinta, wanda a wurina alama ce ta cewa mutum ya faɗi gaskiya.

Na koma wurin mai hoto da hijabina na kullum, ruwan toka, wanda yaron ya sani. Ya jawo mini labulen nan mai zanen gidan bene da ruwa na zubowa daga dutse, na ce a'a, bango kawai. Ya ce na fasfo ne? Na ce na yaro ne. Ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai kan na'urarsa, bai ce komai ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda wannan shirun. A hoton na fito kamar wadda aka kama da kayan sata.

Ranar Juma'a bayan an sauko na goya jinjiri, na bar ƙanwar wurin maƙwabciya, na ce wa maigida zan je gaida Inna, ya ɗauke ni. Muka bi ta Kaoje, ruwa ya janye, ana ta yankan shinkafa a fadama, hanya kuwa rabi laka rabi addu'a. A iyaka masu kaki na zaune a inuwa, ɗaya ya tambayi abin da na ɗauko. Na ce hoto. Ya ce na wa? Na ce nawa. Ya ɗaga mana igiya yana dariya, bai san shi ne kaya mafi nauyi da ya wuce ta gabansa a ranar ba.

Mun isa da la'asar sakaliya. Yana zaune gindin randar Inna yana jera totuwar masara. Bai ɗago ba. Ni ma ban kira shi ba, ga Inna, ga matan gida sun fito tarba. Muka yi wa juna kunya ni da shi, kowa ya ga tarbiyya.

Na zo ne da shirin ganin laifi, na rasa. Yaron fes, ya yi kumatu. Inna ta sa an kewaye hanyar gulbi da zana, an yi ƙyaure an ɗaure da igiya sama inda hannunsa ba ya kai. Katunan duk suna nan, ta ma ɗinke igiyar jakar inda ta fara tsinkewa. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Mutum ya yi tafiya mai nisa haka, a ce ko ƙazanta ba a bar masa ya gani ba.

Bayan mun gaisa ta kora yara, ta rage murya.

"Abu guda ɗai yad dame ni, Malama. Kullum da sahe sai ya zazzage jakar ga, ya duba su ɗai-ɗai, ya sa hannu ciki ya laluba, sannan ya zamna. Ba ya kuka, zamnawa ɗai shikai. Duk abin da ke cikin hotunan na ba shi, har akuya na aro mai. Aikin naku na boko bai cika ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Katin na cikin lalitata, yana ƙona ni. Da mace ce mai zuciya, da ta fito da shi a take ta ce ga abin da ya rage. Ni sai da na jira ta tashi alwalar magariba, na lallaɓa na zura shi cikin jakar da ke rataye a ƙusa, na dawo na zauna ina gyara goyo.

Da safe Inna na dama koko a bakin murhu, ni ina kan tabarma ina ba jinjiri nono. Ya fito daga ɗaki da jakar, ya durƙusa kusa da ni, har ina jin numfashinsa. Ya zazzage. Ya bi su da yatsa, randa, buta, babansa, ƙuli. Sai yatsan ya tsaya. Ya ɗauki katin da hannu biyu ya kawo shi dab da fuskarsa, ya daɗe a haka. Na buɗe tafin hannuna a ƙarƙashin hijabi inda ba mai gani.

Ya miƙe ya wuce ni. Ya taka har bakin murhu, ya kama hannun Inna mai riƙe da ludayi, ya tura mata katin.

Da farko abin ya soke ni. Sai kuma na gane bai yi kuskure ba. An koya masa a kai hoto wurin wanda abin yake hannunsa, shi kuma duk rashin fahimtar da ake faɗa, ya fi mu sanin a hannun wa maganar take.

Inna ta ajiye ludayin. Ta nisanta katin daga idonta ta duba, ta dube ni, ta sake duba katin. Matan gidan da ke tsakar gida suka daina abin da suke yi.

"Uwakka," in ji ta, da ƙarfi, yadda ake faɗin sunan abu. Sannan ta juyo gare ni. "Taso mana. Ku kunka ce ba a cewa jira."

Na miƙa mata jinjirin. A gaban surukata, a gaban matan gidanta, na jawo ɗana na fari na ɗora shi a cinya. Ba ya son runguma, don haka ban matse shi ba. Ya juya mini baya ya jingina da ƙirjina da dukkan nauyinsa, ya kama gefen hijabina ya riƙe, ya ci gaba da kallon katangar gidan. Hawaye na zuba a kan ƙeyarsa, ban kuma zagaya bayan ɗakin kowa ba.

Inna ta ce, "Yaushe kinka yi hoton ga?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya," ta maimaita. "Ni ko sati bakwai ina ta ba shi ƙuli."

Ba ta ƙara da faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuya ta tattara katunan daga kan tabarma tana zubawa a jaka. Da ta zo kan nata ta tsaya, ta goge shi da bakin zanenta, ta sa shi daga sama.

"In ya miƙo miki wanga, kin san ƙa'ida."

Na ce na sani.

Ta shiga ɗaki haɗa masa kaya. Ta daɗe ba ta fito ba, alhali kayan nasa riga uku ne da kofi.